'Yan Tsaki a Kan Akwatin Efren

Juma'a, 19 ga Afrilu, shida na safe

An dawo da Efren gida jiya da yamma. Sun sa masa farar rigar zaren abarba ta mahaifinsa, wadda tun can ta matse shi a kafaɗa, sun kuma taje masa gashi ta gefen da bai taɓa tajewa ba. Na ce wa mai gyaran gawa ya buɗe gilashin akwatin in gyara. Ya ce an riga an liƙe. Shekara arba'in da shida ina duba yaron nan kafin ya fita cikin mutane, yau wani baƙo ya dube ni ya ce an liƙe.

Akwatin yana falo, ƙarƙashin hoton Budurwa Maryamu. Bisa al'ada, ba za a sa tsintsiya a gidan nan ba sai an fita da shi. Kwana tara na addu'a, a kai shi coci, Fada Anselmo ya yi masa Mas, babbar addu'ar coci, a kwantar da shi kusa da ubansa. Iyakar abin da nake so ke nan. Ni Consolacion Salubre, da ake kira Nang Soling, ban taɓa roƙon garin nan komai ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

'Yan sanda sun sake zuwa. Na maimaita musu abin da na faɗa jiya: na je kai masa kofi a ɗakin shanya kwakwa na bayan gida, na tarar da shi a ƙasa. Sun tambaya ko na ga wani abu kusa da shi. Na ce ban ga komai ba.

Asabar, 20 ga Afrilu, bayan abincin rana

Minia ta iso a jirgin ruwan safe daga Cebu. 'Yata ce, ƙanwar Efren, lauya, kuma ba ta yarda kowa ya manta da hakan. Ta shigo da baƙin tabarau da waya biyu a hannu. Ba ta ɗauki hannuna ta kai goshinta ba, yadda ake gai da iyaye, sai da ta ga matan ƙungiyar addu'a suna kallo. Na lura. Ina lura da komai, ita ma ta sani.

Ta tsaya kan akwatin ta daɗe. Ban ga fuskarta ba. Daga nan Gorio, ƙanen marigayi mijina, ya ja ta kicin suka rufe ƙofa. Gorio bai taɓa yin aikin da ya sa shi gumi ba, amma babu zaɓen da aka yi a garin nan ba da hannunsa a ciki ba. Shi ya tura Efren takarar magajin gari. Yaron da ko kare ba ya iya kora daga inuwa, aka ce ya fito ya kara da Mayo Koring, magajin gari mai shekara tara a kan kujera.

Sun fi awa biyu a ciki. Gawar ɗan'uwanta a falo, ita tana kicin da Gorio.

Lahadi, 21 ga Afrilu, tara na safe

Na dawo daga Mas ɗin farko na tarar da 'yan tsaki uku a kan gilashin akwatin, daidai saitin ƙirjinsa, an watsa musu tsakin shinkafa suna tsattsaga. Falo cike da mutane, kowa yana kallo.

Ko jaririn garin nan ya san wanda ake ɗora wa 'yan tsaki: wanda aka kashe. Suna tsattsagar gilashi, suna tsattsagar zuciyar mai kisan, har ya kasa barci ya fito ya faɗi da bakinsa. Ba a ɗora su kan wanda zazzaɓi ya ɗauka.

Na kira Gorio bayan gida na ce ya sauke su yanzun nan. Ya cire sigari daga bakinsa, ya yi mini wannan ladabin nasa na munafunci, yana kirana Manang, wato yaya.

"Manang, ni ban ce an kashe shi ba. Ke kika ce wa 'yan sanda ba ki ga komai kusa da shi ba. To mutum ya harbu, babu komai kusa da shi, me kike so gari ya ce?"

Na ce masa ya je ya wanke bakinsa, warin bammi yake tun da safe ranar Lahadi. Abin da na iya faɗa ke nan. 'Yan tsakin suna nan.

Litinin, 22 ga Afrilu, yamma

Duk inda na zauna a gidan nan ina jin ƙarar bakinsu a kan gilashi.

Talata, 23 ga Afrilu, huɗu na yamma

Daga lasifikar mota na ji, ba daga bakin Minia ba. Herminia Salubre, wato ita, ce za ta maye gurbin ɗan'uwanta a takara. An riga an buga takardun ƙuri'a, don haka sai mai sunan gida iri ɗaya da mamacin ne zai iya hawa gurbinsa. Salubre. Shekara goma sha shida tana sa hannu da sunan mijinta, ta jefar da na ubanta kamar tsohon silifa, yau ta leƙa ƙarƙashin gado ta zaro shi ta karkaɗe.

Na same ta a ɗaki tana gwada baƙaƙen riguna gaban madubi. Na tambaye ta wace rana aka tsayar da Fada. Ta ce ai sai an ɗan jira, 'yan'uwa na ƙasar waje ba su samu jirgi ba. Na ce waɗanne 'yan'uwa? Muna da mutum ɗaya a Dubai, ko katin Kirsimeti ba ya aiko mana. Ta ce mutanen ƙauyukan kan tudu ma suna son su zo su yi ban kwana da shi, ba zai yi kyau a hana su ba. Na ce kwana nawa. Ta ce za a gani.

Na san wannan "za a gani". Tun tana 'yar shekara tara take faɗinsa. A shekarar ce ta haɗa kan 'yan ajinsu suka ƙi shiga aji saboda malami ya mari wata yarinya 'yar masunta, har aka ɗauke malamin daga makarantar. Na zane ta da silifa a ranar don ta raina na gaba da ita. Ba ta yi kuka ba. Efren ne ya yi kukan, yana bayan ƙofa.

Alhamis, 25 ga Afrilu, goma sha ɗaya na safe

An kafa tamfol daga ƙofar gidana har bakin titi. Tebur goma sha biyu na karta. Matan aure, wasu da na koya wa katikisim, darasin addini, da kaina, sun baje ƙafa suna raba kati suna dariya har ana ganin dasashinsu. Na ce wa ɗaya ta rufe gwiwarta, nan gidan makoki ne ba filin faɗan zakaru ba. Ta ce yi haƙuri Nang Soling, ta ja siket, ta ci gaba da rabo.

Manyan motoci na sauke mutane daga kan tudu. Ana ba su kofi da biskit da riga mai hoton Efren a gaba, na Minia a baya. Suna shiga layi, su leƙa fuskarsa, su daɗe kan 'yan tsakin, su fito suna girgiza kai. Sai Minia ta hau benci ta yi musu magana.

Ba zan yi ƙarya a littafina ba, ta iya magana. Ba ta ɗaga murya. Ta san sunan kowane ƙauye da gadar da ruwa ya cinye musu, da shekarar da aka yi musu alƙawarin gyara. Ba ta taɓa cewa wane ne ya kashe shi ba. Takan dai juya ta dubi akwatin, ta bar su su ƙarasa da kansu. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana kuka, wai Allah ya ɗauke mini ɗa ya bar mini zakanya. Na zare hannuna.

Ni na koya mata tsayuwa a miƙe da kallon mutum cikin ido. Ban koya mata don wannan ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, bakwai na safe

Yau ne ya kamata a binne shi.

Maimakon haka mai gyaran gawa ya zo da jakarsa zai ƙara masa allurar hana ruɓewa. Ashe gilashin yana buɗuwa. Aka rufe tagogi, aka ce kowa ya fita, har ni. An fitar da ni daga falona. Na tsaya a tsakar gida cikin ɓawon gyaɗa da guntun sigari da kofunan roba na kwana tara, ba halin in ɗauki tsintsiya.

Litinin, 29 ga Afrilu, tsakar rana

'Yan tsakin sun yi fiffike. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon ruwan albarka, ɗaya ya yi kashi a kan furannin da gwamnan lardi ya aiko. Ba a saba ajiye gawa har tsako ya girma ba, don haka ba wanda ya yi tunanin abin. Gorio ya tafi kasuwa ya dawo da sababbi a kwalin takalmi, ƙanana masu ruwan ƙwai, ya musanya kafin motar farko ta iso. Tsofaffin ya sake su a bayan gida.

Na ce masa, to ka ga, ko kaji sun gaji da jira. Ya ce Manang ba ki san siyasa ba. Na ce na san dokoki goma, shi kuwa ko uku ba zai iya kawowa a jere ba.

Yanzu ina da kaji uku da suka girma a kan ƙirjin ɗana, suna kiwo a bakin tsohuwar rijiya. Na kore su daga wurin. Ba na son ganin komai a bakin rijiyar nan.

Talata, 30 ga Afrilu, biyar na yamma

Na yanke shawara da safe, na je na sami Minia tana cin abinci a tsaye. Na ce jibi Alhamis za a binne Efren, ko da ni kaɗai ce zan tura akwatin zuwa coci. Ni na haife shi, ba jam'iyya ba. Na ce abin da take yi ciniki ne da gawa, kuma akwai wuta ta musamman ga masu irinsa.

Ta ajiye cokali. Ta ce wa masu aikinta su ba mu wuri. Ta rufe ƙofa a hankali.

"Nay, ina bindigar Tatay?"

Na ce wace bindiga ce ta ubanku.

"Ta cikin kwalin da ke saman kabad ɗinki. Na duba ranar da na zo, kwalin ba komai. Murfin rijiya kuma an ja shi, ga sawun a kan gansakuka. Shekara ashirin ba a taɓa murfin nan ba."

Na ce mata ba a yi wa uwa tambayoyin kotu.

"Ba kotu ba ce, Nay. Ni ban fara komai ba. Na zo na tarar kin riga kin share hanya, na bi. In kina son a binne shi jibi, sai mu fita tare ki gaya wa mutanen nan dalilin da za a sauke 'yan tsakin. Daga nan ki je ki ji ko Fada zai buɗe masa ƙofar coci."

Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da ci. Na ɗaga hannu zan mare ta. Ta dube ni kamar ranar silifa. Na sauke.

Laraba, 1 ga Mayu, safe

Ban fita daga ɗaki ba. Na ce musu ciwon kai.

Juma'a, 3 ga Mayu, uku na rana

Sun samo wanda za su ɗora wa. Crispulo, mai babur mai ƙafa uku da ke tsayawa a bakin kasuwa. Laifinsa biyu: yana yawo da hoton Mayo Koring a jikin babur, kuma an taɓa jin yana ɗaga wa Efren murya kan wurin tsayawar masu haya. 'Yan sanda sun riƙe shi kwana biyu suka sake shi, don babu abin da suka samu. Gari bai sake shi ba. An fasa masa gilashi, an yanka masa taya, ba mai hawa babur ɗinsa. An rubuta wata kalma da jan fenti a bangon gidansa. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Shekara shida mutumin nan yana kai ni coci ranar da gwiwata ta tashi, yana jira har in fito.

Matarsa Erlinda, mai sayar da busasshen kifi, ta zo gaisuwa ɗazu da ƙunshi a hannu. Mutanen Gorio suka tare ta a bakin tamfol. Ina kallo ta taga. Ta ce tana son ganin Nang Soling ne kawai, ta rantse mata. Wata daga teburin karta ta ce ta koma ta tambayi mijinta ko yana samun barci. Aka yi dariya. Ta ajiye ƙunshin a ƙasa ta juya.

Ina kallo ta taga. Na rubuta wannan sau biyu don in gani da idona.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan Mas

Ban tashi karɓar Jibin Ubangiji ba. Shekara hamsin da bakwai ban taɓa zama a benci ana layi ba sai yau. Duk cocin ya gani. An ce baƙin ciki ne ya riƙe mini ƙafa.

Talata, 7 ga Mayu, goma na safe

Na je na furta wa Fada Anselmo zunubaina. Yaro ne, sa'an Minia bai kai ba, ban taɓa son yadda yake gajarta wa'azi ba, amma shi ke da kujerar. Na durƙusa na faɗi duka: abin da na tarar a hannun Efren, inda na jefa shi, da takardar da na ɗauke daga kan buhun kwakwa, wadda take cikin littafin addu'ata tun ranar. Layi huɗu ce. Na farko yana cewa, Nay, kada ki yi mini faɗa.

Na ce na yi ne don kada a rufe masa ƙofar coci, a binne shi bayan katanga tare da marasa baftisma. Sista Benigna ta koya mana haka a aji biyu na sakandare, ta ma kai mu muka ga wurin, ciyawa har gwiwa, babu gicciye ko ɗaya.

 Ya ce, Nang Soling, an daɗe da barin wannan. Tun kafin a naɗa shi Fada aka bari. Ya ce da na zo masa a ranar, da ya yi wa Efren Mas a rana ta uku, ya kwantar da shi kusa da ubansa, ba wanda zai ce uffan. Ya ce Allah ne ya san nauyin da mutum yake ɗauke da shi.

An bari. Haka kawai. Wa aka gaya wa? Ina benci na biyu kowace safiya, ban taɓa jin an tsaya an sanar ba. Sun canza doka a can Roma sun bar tsohuwa da ta Sista Benigna a ka. Na ce masa da kuna yin wa'azi mai tsawo da kun kai ga wannan. Ya ce in yi haƙuri. Ya ce kuma ba zai iya cewa in je lafiya ba alhali akwai mutumin da ake jifa saboda shiruna.

Kwana goma sha tara ɗana yana kwance ana yi masa allura. Don ba komai. Na fito ina jin haushin Sista Benigna da ke cikin kabari, da Fada, da Roma, da Efren. I, da Efren. Me na taɓa yi masa da zai fara da wannan layin?

Na san me na yi masa. Ba sai na rubuta ba.

Laraba, 8 ga Mayu, shida da rabi na safe

Na tare Minia kafin ta fita. Na ajiye takardar a kan tebur tsakaninmu, a ninke. Na gaya mata abin da Fada ya ce, na ce igiyar da ta ɗaure ni da ita ta tsinke. Sharaɗi biyu: a binne shi ranar Asabar, kuma ta wanke Crispulo da bakinta gaban jama'a. In ba haka ba, gobe in hau babur in je gidan rediyo in karanta wannan da muryata.

Ta dubi takardar, ba ta taɓa ta ba. Ashe ba ta san da ita ba. Na ce ta buɗe, rubutun ɗan'uwanta ne.

"Ba yanzu ba, Nay."

Na ce tsoro take ji?

"In na karanta ba zan iya hawa benci ba. Saura kwana biyar." Ta ja numfashi. "Kin san mutanen kan tudu nawa suka mutu a hanyar asibiti bara saboda gadar nan? Koring zai sake shekara uku yana kiwon zakaru. Manong Efren ya riga ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Aƙalla tafiyarsa ta gina gada."

Na ce ba a gina gada a kan bayan Crispulo. Na ce duk azzalumin da aka taɓa yi da gadarsa a baki ya fara.

Ta ce Asabar ta yi mata daidai, dama ita ce ranar ƙarshe ta kamfe. Ko a nan sai da ta ci riba. Maganar Crispulo kuma ta ce in bar mata, za ta yi. Na ce ta rantse. Ta ce, "Ke kika hana mu rantsuwa, Nay." Idonta ya yi ja, amma ta sa tabarau ta fita.

Asabar, 11 ga Mayu, biyar na yamma

An binne Efren. Fada ya yi masa Mas cikakkiya, ya yayyafa masa ruwan albarka, an kwantar da shi a hannun dama na ubansa. Wannan kam na samu. Ni na sauke 'yan tsakin da hannuna kafin a ɗaga akwatin, na miƙa wa Gorio kwalin takalminsa.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Daga coci har maƙabarta ba wurin sa ƙafa, wasu a kan bishiyoyi, wasu a kan kaburburan mutane da takalmansu. A bakin kabarin aka miƙa wa Minia makirufo. Na tsaya kusa da ita, littafin addu'ata a hannu, ta san abin da ke ciki.

Ta ce ba ta zargin kowa. Ta ce kada wanda ya sake ɗaga hannu a kan wani ɗan garin nan da sunan ɗan'uwanta. Ta ce ko wane ne, ko yana ina, ita da mahaifiyarta sun yafe masa. Ta kama hannuna ta kai goshinta, ta daɗe a haka.

Mutane suka fashe da kuka. Maza manya suna share ido da rigar kamfe. Na ji wani a bayana yana cewa, dubi zuciya, an kashe mata ɗan'uwa ta yafe.

Wai mun yafe masa. Wa aka yafe wa? Ba a yafe wa wanda bai yi komai ba. Ta cika alƙawarinta kalma bayan kalma, ta kuma ƙara ɗaure mutumin. Makirufon yana nan, taku ɗaya daga bakina. Ana zuba ƙasa a kan ɗana. Ban miƙa hannu ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, safe

Na share gidan. Buhu bakwai.

Litinin, 13 ga Mayu, tsakar rana

Na je makarantar firamare na yi zaɓe. Sunansa ne a takardar, Salubre, Efren. Na daɗe da alƙalami a hannu har malamar da ke kula da akwati ta tambaya ko ina son taimako. Na ce na iya karatu tun kafin a haifi uwarta. Abin da na yi a takardar tsakanina da Allah ne.

Talata, 14 ga Mayu, huɗu na yamma

Minia ta ci zaɓe. An ce ba a taɓa ba wani tazara irin wannan ba a garin. An ɗaga hannunta a zauren gari, an yi ta harba tartsatsin wuta da rana tsaka. Mutanen da suka yi shekara tara suna riƙe wa Koring lema sun zo ƙofar gidana da gasasshen alade guda, suna tambayar ina Mayora, sabuwar magajiyar gari. Gorio ya sayi sabon takalmi.

Ta shigo na minti goma. Ta ce za ta gyara mini rufin kicin. Ba ta tambayi takardar ba, ni ma ban tayar ba. Na ce ta ci abinci a zaune ko sau ɗaya. Ta zauna, ta ci loma uku, waya ta yi ƙara.

Alhamis, 16 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Na tafi gidan Crispulo da ƙafa, gwiwar tana ciwo, ban damu ba. An shafe jan fentin da farar ƙasa amma ana ganin inuwarsa. Babur ɗin yana jingine an rufe shi da buhu. Shi ba ya nan, ya koma wurin ɗan'uwansa a wani tsibiri yana taya shi kamun kifi, sai abin ya lafa. Erlinda na tarar tana juya kifi a kan raga.

Ta kawo mini kujera, ta goge ta da gefen siket. Ban zauna ba. Na ce na zo ne in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar da ta ajiye ƙunshi a ƙofata. Na faɗa mata a tsaye, ban rage komai ba. Na ciro takardar na ba ta. Na ce ta kai wa 'yan sanda, ko gidan rediyo, ko ta liƙa a ƙofar kasuwa, ni zan tsaya a bayanta in ce rubutun ɗana ne, kuma ni na ɓoye.

Ta goge hannunta sosai kafin ta karɓa. Ta karanta, leɓenta na motsi. Ta sake karantawa. Na ga wuyanta ya kumbura, na ce a raina yanzu za ta zage ni, na kuma shirya, don ta isa.

Ta ninke takardar yadda take, ta kama hannuna ta sa a ciki, ta rufe yatsuna a kai.

"Nang Soling, da makon jiya kika kawo."

Na ce gaskiya ba ta da makon jiya.

"Tana da shi, Nang. Lasisin babur ɗinsa wa zai sa wa hannu yanzu? Rumfata ta kasuwa a hannun wa take? 'Yarmu ta biyu tana jiran gurbin karatu daga ofishin magajin gari. Mayora ta ce ta yafe, mutane sun fara sayen kifina tun shekaranjiya. In na fito da wannan, ba wanda aka yafe wa ba ne mu kuma, mu ne waɗanda suka kunyata Mayora." Ta dubi titi hagu da dama. "Ban ga komai ba. Ban ma iya karatu sosai ba."

Na ce sunan mijinta fa? Haka zai mutu da shi?

Ta ce suna ba ya hawa babur. Ta shiga ciki ta ƙunso mini kifi, manya, irin waɗanda ba ta sayarwa. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce don Allah in karɓa, maƙwabta na kallo, zai yi musu kyau a ga uwar Mayora ta fita daga gidan da ƙunshi.

Na karɓa. Ta rako ni har bakin titi, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ta ce in gaishe mata da Mayora.